Dawaki Dubu Ba Su Kai Kyandir Ɗaya Ba: Makbes Tsakanin Silima Da Talabijin

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan'uwana ɗalibai, har ma da waɗansu malamanmu da ya kamata a ce sun fi mu hangen nesa. Wai idan mutum yana so ya fahimci wasan Macbeth na Shekisfiya ba tare da ya sha wahalar tsohon Ingilishi ba, to ya nemi fim ɗin da Roman Polanski ya yi a 1971 ya kalla, shi ke nan ya gama. Hujjarsu ita ce a can ne ake ganin dawaki da ganuwa da duwatsu da ruwan sama da jini yana malala, watau an ciro wasan daga takarda an hura masa rai. In ka ambaci wanda aka yi wa talabijin a 1979, na Trevor Nunn, sai su yatsine fuska su ce ai wannan mutane ne kawai a ɗaki mai duhu suna ta zuba surutu. Daga nan sai su rufe bakinka da karin magana, su ce gani ya kori ji.

To ni ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilaina. A ganina wancan ɗaki mai duhu ya fi fim ɗin Polanski riƙe amanar wasan nesa ba kusa ba, kuma ɗalibin da ya kalli na Polanski kaɗai ya shiga ɗakin jarrabawa, ya san labarin Makbes amma bai san Makbes ba.

Bari mu fara da abin da Shekisfiya ya rubuta, tun da shi ne ma'auni. Ya rubuta wasan wajen 1606, aka fara buga shi a 1623, bayan rasuwarsa da shekara bakwai. Shi ne mafi gajarta a cikin wasanninsa na ban tausayi. Ya ɗauko labarin daga littafin tarihin Holinshed, ya kuma murɗa shi yadda ya ga dama, domin Makbes na gaskiya ya mulki ƙasar Sikotilan shekara goma sha bakwai, daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen fama Dankan ya mutu, ba a kan gado ba. Shekisfiya ne ya mai da Dankan dattijo mai kirki, baƙo kuma a gidan wanda zai kashe shi, domin laifin ya yi nauyin da ba mai iya ɗauka. Duk wasan a kan wannan kisa ɗaya yake jingine. Abin mamaki kuwa shi ne marubucin bai nuna mana kisan ba.

Kada wani ya ce ai tsoron jini ne ya hana shi. A cikin wannan wasa ɗin an sassare Banko a gaban 'yan kallo, an kuma kashe ɗan ƙaramin yaron Makdaf a gaban uwarsa da gaban kowa. Mutumin da ya iya nuna kisan yaro ba zai kasa nuna kisan tsoho ba. Da gangan ya ɓoye shi. Abin da ya ba mu a madadinsa shi ne matar Makbes ita kaɗai tana jira, tana kasa kunne, kukan mujiya ma yana razana ta. Sai ga mijin ya fito da wuƙaƙe a hannu, ya manta bai bar su a wurin masu gadi ba kamar yadda aka shirya. Abin da ya dame shi a wannan lokaci ba sarautar da ya samu ba ne. Damuwarsa ita ce ya ji wani daga cikin masu barci ya yi addu'a, shi kuma amin ta maƙale masa a wuya, ya kuma ji wata murya tana shelar cewa barci ya ƙaurace masa. Sa'an nan aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Tun 1823 Thomas De Quincey ya rubuta maƙala guda sukutum a kan wannan ƙwanƙwasar kaɗai. Ka ga ashe a wannan fitowa kunne ne sarki: mujiya, murya, addu'a, bugun ƙofa. A nan ji ne ya kori gani.

Yanzu dubi abin da Polanski ya yi da wurin. Ya ɗauki kyamara ya bi Makbes har cikin ɗakin. Dankan ya farka ya ga mai masaukinsa tsaye a kansa da wuƙa, sai Makbes ya hau shi da suka, kambin sarauta ya faɗi ƙasa yana gangarawa, daga ƙarshe aka soke shi a wuya. Ba na musun cewa abin yana ta da tsikar jiki. Amma ka lura da ɓarnar da aka yi. Da farko, farkawar Dankan ta ba Makbes wata 'yar kafa: ya shiga yana jinkiri, aka gan shi, ba shi da sauran mafita sai ya aikata. Makbes na Shekisfiya ba shi da wannan uzuri ko kaɗan, ya auna abin a ransa tun kafin dare, ya lissafa dalilan da suka hana, ya ce ya fasa, sa'an nan ya koma ya yi. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, bayan idonka ya ƙoshi da wannan jini, me ya rage wa maganar amin da ta maƙale? Ta zama kamar ka ci tuwo ka ƙoshi a kawo maka labarin yunwa. Mai kallo ya riga ya ga abin da kansa, saboda haka ba ya bukatar ya leƙa cikin zuciyar wanda ya aikata, alhali kuwa wannan leƙen shi ne dalilin rubuta wasan.

Haka ya yi ta yi har ƙarshe. Duk abin da marubucin ya bar wa tunani, Polanski sai ya ajiye maka shi a gaba. Hakimin Kodo, wanda a wasan labarin mutuwarsa kawai aka kawo, sai da muka ga an rataye shi da sarƙa. Wuƙar da Makbes yake gani a iska, wadda shi kansa yake tambayar ko gaskiya ce ko zazzaɓin ƙwaƙwalwa, sai ga ta tana walƙiya a majigi kowa yana gani, tambayar ta mutu ke nan. Gawar uwargida, ga ta yashe a tsakar gida. Kan Makbes, ga takobi ya fille shi. Hatta fitowar tafiya cikin barci, sai da aka tuɓe Francesca Annis tsirara, kuma wanda ya san cewa kamfanin Playboy na Hugh Hefner ne ya zuba kuɗin fim ɗin ba zai yi mamaki ƙwarai ba, ko da yake masu kare fim ɗin suna cewa mutanen wancan zamani haka suke kwana. To, a ce haka ne. Tambayar ita ce ina idon mai kallo yake a lokacin da matar take ƙoƙarin wanke hannun da ba ya wankuwa?

Zancen zuci kuwa, wanda shi ne ƙashin bayan wasan, Polanski da abokin rubutunsa Kenneth Tynan sun mai da mafi yawansa murya daga bayan fage. Bakin Jon Finch a rufe, murya tana tashi, ido kuwa yana yawo a kan teburin liyafa ko ruwan sama. Ana cewa wai wannan ya fi kama da gaskiya, tun da mutum ba ya magana shi kaɗai. Ni kuwa na ce Makbes ba shi kaɗai yake magana ba, da mu yake yi. Yana jawo mu ne cikin shawarar, yana sa mu zama abokan sirrinsa, ta yadda in ya aikata za mu ji kamar da hannunmu a ciki. In ka rufe masa baki ka mai da mu 'yan leƙen asiri, to ka sallame mu daga laifin, mun koma 'yan kallon wani mugu can a wata ƙasa mai sanyi.

Ba zan hana Polanski haƙƙinsa ba. Harin da aka kai gidan Makdaf a fim ɗinsa yana da wuyar kallo, kuma duk wanda ya san cewa an kashe matar Polanski, Sharon Tate, tana da tsohon ciki a gidansu a watan Agusta na 1969, zai gane cewa mutumin ya san abin da yake nunawa. Nan kam na sara masa, domin wurin ne da marubucin da kansa ya ce a nuna. Amma daga nan sai ya zarce ya canja wa wasan alƙibla. Ya mai da Ros munafuki mai cin tudu biyu, ya kuma ƙara wata fitowa a ƙarshe wadda babu ita a littafi, inda Donalben, ƙanen sabon sarki, ya nufi wurin mayun nan shi ma. Watau dai kowa Makbes ne, gobe ma haka za a yi. To in kowa Makbes ne, mene ne abin tausayi a faɗuwar wannan guda ɗaya? Wasan ban tausayi yana tsayawa ne a kan cewa mutumin yana da abin da zai rasa. Fim ɗin Polanski ya nuna duniyar da babu mai abin rasawa a cikinta tun daga farko.

Sai mu koma ɗakin nan mai duhu da ake rainawa. Asalinsa wasan dandamali ne da Trevor Nunn ya shirya a 1976 a garin Stratford, a wani ɗan ƙaramin zaure na kwano da ake kira The Other Place. An zana da'ira a ƙasa, 'yan wasa suna zaune a kan akwatunan katako a gefenta, wanda lokacinsa ya yi ya shiga, ya gama ya fito. Gidan talabijin na Thames ya ɗauke shi, Philip Casson ya ja ragamar ɗaukar, aka nuna a farkon 1979. Babu doki ko ɗaya, babu ganuwa, babu daji. Baƙin duhu ne a baya, sai fuskar Ian McKellen da ta Judi Dench sun cika akwatin.

Wannan talauci shi ne arzikinsa. Da yake babu abin kallo sai fuska, dole ka kalli fuskar, dole kuma ka saurari abin da bakin yake faɗa. McKellen yana kallon iska yana miƙa hannu, kai ba ka ga wuƙa ba, saboda haka kana cikin shakkar da yake ciki. Dankan yana sanye da farare, tsoho mai yawan addu'a, in ya wuce sai ka ji lalle akwai wani abu mai tsarki a wannan ƙasa da za a iya keta wa haddi. Kisan kuwa ba a nuna ba, an bar shi inda marubucin ya bar shi, sai hannuwa jina-jina da raɗa da firgita. Mutum biyu da suka shiga wannan dare suna manne da juna, kana kallonsu suna rabuwa kaɗan-kaɗan, fitowa bayan fitowa, har ya zama ba sa iya haɗa ido. Silima mai faɗin fili ba ta da haƙurin bin wannan, kullum tana gaggawar kai ka waje ta nuna maka tsauni.

Fitowar liyafa ita ce gwajin gaskiya. A nan dole in faɗi cewa Nunn ma ya kauce wa littafi, domin bugun 1623 ya ce fatalwar Banko ta shigo ta zauna a mazaunin Makbes, kuma Simon Forman, wanda ya kalli wasan a gidan wasa na Globe a 1611, ya rubuta cewa ya ga hakan. Nunn bai kawo fatalwa ba, wurin zama ne kawai babu kowa. Mai gardama zai ce to ga shi nan, naka ma ya canja, don me za ka tsine wa Polanski? Amsar ita ce ba canji nake ƙi ba, inda canjin ya nufa nake dubawa. Polanski ya kawo Banko da raunuka yana zubar da jini yana matsowa, sai hankalinmu ya koma kan fatalwar. Nunn ya cire ta, sai hankalinmu ya tsaya a kan sarkin da yake ihu yana dalalar da miyau a gaban hakimansa, da matarsa da take ƙoƙarin rufa asiri da murmushin dole. Muna ganin abin da baƙin suka gani, muna kuma sanin abin da ba su sani ba. Ɗaya canjin ya fitar da mu daga cikin mutumin, ɗayan ya ƙara tura mu ciki.

Sa'an nan ga Judi Dench da kyandir ɗaya a hannu, kanta a ɗaure, tana tafiya cikin barci. Inda littafi ya rubuta ɗan nishi kawai, ita sai ta ja shi ya zama wani dogon kuka mai fita daga can ƙasan ciki, kamar na dabbar da tarko ya kama. Likita da baiwar da suke kallonta suka daskare. Duk dawakin da Polanski ya tara a duwatsun Wales ba su yi nauyin wannan kuka ba.

Na san inda masu ja da ni za su ɓullo, kuma wuri ne mai ƙarfi. Za su ce, to Kurosawa fa? Ai fim ɗinsa na 1957, wanda Turawa suke kira Throne of Blood, silima ce tsantsa, da dawaki da hazo da ganuwar da aka gina a gangaren dutsen Fuji, kuma masana da yawa suna ganin babu wani Makbes na majigi da ya kamo ƙafarsa. Na yarda ɗari bisa ɗari. Amma a duba yadda ya yi nasarar. Kurosawa bai ɗauki baitin Shekisfiya ko ɗaya ba. Ya mai da labarin Japan ta zamanin yaƙe-yaƙen sarakuna, Makbes ya zama Washizu, mayu uku suka zama aljana ɗaya tana kaɗi a tsakiyar daji. Da ya ajiye kalmomin, sai ya nemi abin da zai yi aikinsu daga al'adar wasan Noh ta ƙasarsu: Isuzu Yamada tana zaune fuskarta kamar an sassaƙa, ba ta ɗaga murya, in ta tashi ba ka jin komai sai shafar tufafinta a kan daɓe. Ga kuma abin da masu yabon Polanski ba sa so a tuna musu: Kurosawa ma bai nuna kisan sarkin ba. Ya bar mu da matar tana jira a ɗaki, har Toshiro Mifune ya dawo da mashi jina-jina ya zube ya kasa sakinsa. Mutumin da ba ya aiki da Ingilishin Shekisfiya ya gane abin da mai aiki da shi ya kasa ganewa. Da ya zo ƙarshe kuma, inda abin yake na ido ne, ya saki hannu: dakarun Washizu suka juya masa baya suka yi masa ruwan kibau, kuma kibau na gaske aka harba a wajen ɗaukar.

Haka Vishal Bhardwaj ya yi a Maqbool a 2003, wanda na tabbata da yawanmu masu son fim ɗin Indiya mun gani ba tare da mun san jikan Shekisfiya ba ne. Ya kai labarin cikin 'yan daban Mumbai, mayun suka zama 'yan sanda biyu maciya hanci masu duba, Om Puri da Naseeruddin Shah, Tabu kuma ta zama farkar maigidan da za a kashe. Bai yi da'awar yana karanta maka littafi ba, nasa ya gina. Saboda haka hanya biyu ce mai ɓullewa: ko ka riƙe kalmomin ka share musu fili su yi aikinsu, ko ka ajiye su gaba ɗaya ka ɗauki nauyin faɗin labarin da hoto. Wanda ya tsaya a tsakiya, yana son waƙar yana kuma son hoton ya riga ta faɗin komai, shi ne mai hawan dawaki biyu.

Orson Welles a 1948 ya hango wannan ko da yake aljihunsa bai bar shi ba. Cikin kwana 23 ya ɗauki nasa a kamfanin Republic, da duwatsun kwali da kambi mai ban dariya, amma daren kisan ya ɗauke shi a jere wajen minti goma ba yankewa, kuma bai shiga ɗakin ba. Kamfanin ne ya datse fim ɗin ya sa aka sake muryoyin saboda wai Amurkawa ba sa gane karin harshen Sikotilan. Justin Kurzel a 2015 ya bi sawun Polanski ya ma wuce shi: hayaƙi ja, yaƙi a hankali-hankali, daji yana cin wuta, 'yan wasa kuwa suna ta raɗa har baitocin suka narke. Kyau kam akwai shi, kamar hoton kalanda.

Kada kuma a ɗauka ina cewa duk abin da aka yi wa talabijin zinariya ne. BBC ta yi nata a 1983 da Nicol Williamson da Jane Lapotaire, cikin jerin wasanni 37 da ta ɗauka tsakanin 1978 da 1985, kuma a wurina bai kama ƙafar na Nunn ba, Williamson yana ta huci da gurnani tun kafin abin ya kai ga haka. Na Rupert Goold na 2010, da Patrick Stewart, ya mai da mayun ma'aikatan jinya a wani asibitin yaƙi, Makbes kuma ya zama irin su Stalin. Yana da ƙarfi, amma dabarun sun yi masa yawa. Akwatin ba shi ne yake yin aikin ba. Abin da ƙaramin allo ya yi wa Nunn shi ne ya hana shi abin da zai ɓuya a bayansa. Shi ya sa da Joel Coen ya zo yin nasa a 2021 da Denzel Washington da Frances McDormand, duk da kuɗin da yake da shi, ya koma baƙi da fari, ya ɗauki komai a cikin ɗakin ɗauka, ya bar mace ɗaya, Kathryn Hunter, ta zama mayun duka uku da jikinta da muryarta kawai. Ya koyi darasin, sai dai shi ma da ya zo ƙofar Dankan bai iya daurewa ba, ya shiga.

Ina roƙon malamanmu na adabi da suke haɗa mu da fim don sauƙaƙa karatu su daina miƙa mana na Polanski shi kaɗai kamar shi ne littafin. In lokaci ɗaya ne kawai ake da shi, a nuna na 1979. In akwai biyu, a ƙara da na Kurosawa. In kuwa dole sai an nuna na 1971, to a tsayar da shi daidai inda Makbes ya tura ƙofar ɗakin, a buɗe kashi na biyu fitowa ta biyu a karanta da ƙarfi a aji, sa'an nan a ci gaba da fim ɗin, a tambayi ɗalibai wanne ne ya fi hana su sakat. 'Yan ƙungiyarmu masu shirya wasan ƙarshen shekara kuma, waɗanda kullum kukansu shi ne babu kuɗin kaya da na fenti, su nemo na Nunn su ƙirga abin da ke cikin da'irar nan: akwatunan katako, wuƙaƙe, rigar sarauta guda, da kyandir.